Hausar 'Yata

Lokacin kullen korona ina unguwar Setapak a ƙasar masu Malayanci, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu, ni da matata da 'yarmu da ba ta kai shiga firamare ba. Digiri na uku nake yi a kan fataucin Turawan Holan a tekunan Asiya, masu jigilar kanumfari da barkono. Jami'a a rufe, garin Malaka da nake son zuwa ganin tsoffin gine-ginensu an hana ƙetare jiha. Sai in karanta shafi guda, in tashi in leƙa taga, in buɗe firji, in dawo. Matata ta ce na kusa cinye tayil ɗin falon da zirga-zirga.

A cikin karatun na ci karo da abin da ya hana ni sukuni. Fataken nan sukan zauna a Batabiya, cibiyar kasuwancinsu, shekara da shekaru, su haifi 'ya'ya, 'ya'yan su tashi da Malayanci a baki, harshen ubansu kuwa sai kame-kame. Wasu har sukan ɗora yaro a jirgin ruwa, tafiyar wata da watanni, a kai shi gida Holan ya koyo.

Na ɗago kai, ga tawa tana yi wa 'yar tsanarta faɗa da Malayanci tsantsa. Hajiyata a Kano ba ta taɓa hira da jikarta ba, sai dai murmushi ta waya.

Nan take na kafa doka, ba wani yare a gidan sai Hausa. Na kuma ce da an buɗe hanya ƙanwata da ke unguwar Cheras za ta tafi da yarinyar Kano. Matata ta ce ai sai dai in tura littattafaina. Muka yi ta yi. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta koma nuni da yatsa, ko ruwa take so. Haushi ya ishe ni, tausayi ma haka.

Ran Juma'a na kira Hajiya, na tsayar da yarinyar ta kawo gaisuwar da na yi ta bita da ita. Ta ce ina wuni, ta juyo tana kallona. Na shiga bayanin shirina, Hajiya ta katse ni.

"Kai, ka raba yarinya da uwarta a wannan annoba? Ba ni na aike ka ba. Bar ta ta yi nata, ni muryar nake so. Ba mu wuri."

Daga kicin na ji yarinyar ta ɓalle da surutu da Malayanci, tana ba da labarin kyanwar maƙwabta, Hajiya tana ta "to, madalla, sai aka yi yaya?" Ko kalma ɗaya Hajiya ba ta gane ba. Sun fi rabin awa. Na tsaya riƙe da kofi, ban koma falon ba har suka yi sallama.