Kitson da Ernestine Ta Yi a Bayan Kicin

Shekara ashirin da biyu Ernestine Pettiford ta yi tana girki a wani gida a bayan garin Toledo, inda ake jinyar yara takwas masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ta san tukunya, ta san dokar gidan: ma'aikaci ba ya taɓa yaro. Ko kuka yake, sai dai a miƙa masa hankici daga nesa.

Janiya, 'yar shekara sha huɗu, ita kaɗai ce baƙar fata cikin yaran. Ranar da aka kawo ta aka ƙwace matajinta mai tsini, wai makami ne, aka ba ta wani ɗan siriri da ya karye a tazar farko. Cikin wata biyu kanta ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Likitan gidan, wanda a allon kwamfuta kawai ake ganinsa, minti goma duk Talata, ya dubi kan ya ce ciwo ne ya tsananta, tunda ta daina kula da jikinta. Ya ƙara mata ƙwaya, ya hana ta ziyarar kakarta sai ta samu sauƙi.

Ernestine ta tari shugabar gidan, Misis Kowalke.

"Ranki ya daɗe, ba ciwo ba ne, mataji ne."

"Au, kin zama likita, Ernestine?"

"A'a. Amma da irin gashin nan aka haife ni. Shi likitan naku sanƙo gare shi, ina ya san zafin taza?"

"Koma kicin, wake zai ƙone."

Ta koma zuciyarta na tafasa fiye da tukunyar. Da aka gama cin abincin rana ta zuba man zaitun a kofi, ta zauna a matakalar bayan kicin, ta kira Janiya.

"Zo nan, 'yata. Zauna ƙasa."

"Mama Tine, korar ki za su yi."

"Su kora. Su ci girkin Kowalke, mu ga wa zai fara kuka. Sunkuya."

Awa uku tana warware ƙulli da yatsu, sili-sili, yadda mahaifiyarta ke yi mata a baranda tun tana ƙarama. Sannan ta fara kitso. Kafin a kai layi na shida yarinyar ta yi barci a gwiwarta. Wata biyu ba hannun da ya sauka a jikinta sai na masu danne ta in ta birkice.

Washegari aka miƙa wa Ernestine takardar gargaɗi, wai na ƙarshe ne.

Ranar Talata likita ya dubi kitson ya yi murmushi. "Madalla, maganin ya karɓe ta." Ya yarda ta je wurin kakarta. Ƙwayar kuma ya ce a ci gaba da ba ta.

Ernestine ta ji labarin tana yanka albasa. Ta buga wuƙar a katako har kofuna suka amsa. Sannan ta ɗura mai a 'yar kwalba, ta cusa a aljihun riga. Kitso dai mako uku yake yi, sai a sake wani.