Ranar da Na Kai Rifkatu Bakin Tafki

Shekara biyar ke nan da muka binne maigidana. Ban san lissafin watannin Turawa ba, amma na san ya rasu a shekarar da sabon kuɗi ya fito, daminar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Ban yi karatu ba. 'Yar ƙanwata ce take rubuta wannan don a buga a jarida, ina faɗa ina kuka, ita kuma tana jira in share hawaye. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, don ban taɓa kama shi ba yana raye. Mutanen ƙauyukan da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar sun san shi da Magini, shi yake gina musu rumbun ƙasa.

Mu Hausawa ne, cikin waɗanda ake kira Maguzawa. Maigidana ne ya fara bin Almasihu a gidanmu, ta bakin wani mai bishara da yake zuwa mana a kan keke. Cikin duk abin da aka koya masa, labarin farko ya fi riƙewa. Wai Allah ya yi sama da ƙasa da dabbobi da magana kawai, amma da ya zo kan mutum sai ya sa hannu, ya ɗebi ƙasa ya gina shi, ya hura masa numfashi, ya yi shi cikin siffarsa, namiji da mace. In yana kwaɓa laka sai ya ce mini, "Kin ga, aikin nan da kuke rainawa, Ubangiji ne ya fara shi." Ni a lokacin dariya nake yi. Ina zuwa sujada don yana zuwa, amma zuciyata tana wajen abin da na taso na tarar.

Rifkatu ce autarmu. Kwana biyu na yi a kan gwiwa kafin ta faɗo, da ta faɗo kuma ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana yayyafa mata ruwa. Wata shida wuyanta bai tsaya ba. Shekara ta zagayo ba ta zauna ba. Da ta kusa shekara biyu, sa'o'inta suna gudu a tsakar gida, ita tana kwance kamar an jiƙa tsumma, miyau yana zuba.

Surukata, uwar maigidana, ba ta bi ɗanta zuwa sabuwar hanya ba. Ita ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yarinya, daina wahalar da bayanki. Wannan ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce. Ranar da kika je ɗiban ruwa da tsohon ciki rana tana faɗuwa aka yi miki musaya. Mayar musu da abinsu, sa bar ki ki huta."

Ga wanda bai san al'adar ba, ga yadda ake yi. Uwa ce take goya ɗan da kanta ta kai shi bakin tafki, da ƙwaryar gumba da ƙwai. Ta kwance shi ta ajiye, ta juya ta tafi ba waiwaye. Wai in na ruwa ne zai rikiɗa ya zama maciji ya sulale ciki. Ban taɓa jin wadda ta koma ta duba ba.

Na yi wata uku ina cewa a'a. Na gaji, ina jin tsoron abin da nake ba nono, mata suna janye 'ya'yansu in na zauna kusa. Da kaka ta yi, maigidana ya tafi ginin rumbu wani ƙauye wajen Maigatari, ya ce sai ya kwana uku. Washegari da hantsi na dama gumba, na goya Rifkatu, na kai ta. Wannan hannun nawa ne ya kwance majanyi. Na kwantar da ita a kan yashi, na ajiye ƙwaryar kusa da kanta, na juya.

Shi rumbu ba a gina shi a rana ɗaya. Zagaye ɗaya ake ɗorawa, a bar shi ya sha iska, sannan a ɗora wani. A daren da maigidana ya tafi an yi wani yayyafi na ƙarshen damina, laka ta ƙi bushewa, sai ya ce bari ya zo gida ya koma jibi. A kan hanyar gona muka yi kiciɓis.

Ya dube ni ya ce, "Ina goyonki?"

Na kawar da kai.

"Da ke nake. Ga majanyi a hannunki, baya ba kowa."

Sai na nuna masa wajen tafkin da haɓa. Ya zubar da kayan aikinsa a nan ya zura da gudu, ni ma na bi shi, ban san me ya ja ƙafata ba. Muka tarar da ita inda na bar ta. Cinnaku sun rufe gumbar sun hau ƙafarta, tana wannan siririn kukan nata. Shanu sun sauko shan ruwa, wata Bafillatana tana tsaye a kanta da sanda tana kore su.

Matar ta ce, "Wane marar tsoron Allah ne ya yar da ɗan mutum a hanyar shanu?"

Maigidana ya ce, "Tawa ce, baiwar Allah. Allah ya saka miki." Bai dubi inda nake ba.

Da muka shiga gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa da yarinyar a kafaɗa, ya ce, "Inna, kin ce ta ruwa ce. An kai ta, ruwa bai karɓa ba. Maganar ta ƙare." Har tsohuwar ta mutu ba ta sake tayar da zancen ba.

Na jira duka, na jira ya ce in tafi gidanmu. Sai ya ce in kawo man shanu. Yana shafa mata a inda cinnaku suka cije ta, ni kuma kunya ta juye mini ta zama faɗa. Na ce, "Kai da kake ta cewa siffar Allah, siffar Allah, dubi wuyanta. Haka Allah yake?"

Ya ce, "Ni ban ga Allah ba, ke ma ba ki gan shi ba. Da a ƙafa siffar take, da barewa ta fi mu kama da shi. Da a baki take, da maroƙi ya fi kowa. Abin da na sani, hannun da ya gina ni shi ya gina ta, numfashin da yake cikina shi ne a cikinta. Bai kuma aiko mini cewa ya yi kuskure ba. Riƙe mini ƙafar."

Na riƙe. A ranar na zama mai bi, ba ranar da aka yi mini baftisma ba.

Shekara ashirin da wani abu ya yi yana ɗaukarta. Ya gina mata kujerar ƙasa a jikin bango, mai majingina da wurin tokare wuya, don ta zauna ta ga masu shiga da fita. Duk kaka sai ya rushe ya sake wata daidai girmanta. Kullum da safe zai tsuguna ya ce, "Rifkatu, kin tashi lafiya? Ya gajiya?" ya kuma tsaya sai ta amsa da irin nata sautin. Ranar Lahadi a bayansa take zuwa majami'a, da ta yi nauyi ya koma ɗora ta a jaki yana tafe yana tallafe da ita. A gaba yake ajiye ta. Wani dattijo ya taɓa cewa ihunta yana hana jin wa'azi. Maigidana ya ce, "Kai ma munsharinka yana hanawa, mun kore ka?"

A shekarar farin, da mutane suka riƙa gangarowa daga Damagaram ta Maigatari, dabbobinsu sun ƙare, bai taɓa tambayar wanda ya tsaya a ƙofarmu addininsa ba kafin ya miƙa masa ruwa. A cikin wannan wahalar ciwon ƙirji ya kama shi. Ranar da zai cika, da azahar, ya ce mini, "Abu ɗaya ne ban gama ba. Ban koya wa Bitrus yadda ake ɗaukarta ba." Bitrus shi ne ɗanmu namiji da ya rage, Rifkatu ce take bi masa. Ranar yana hanyar Kano da mota.

Yanzu nakan zauna in ce, da zai leƙo, me zai ce? Zai ga motoci sun yi yawa, an buɗe wa yara makaranta kyauta har a ƙauye, samari suna yawo da rediyo a kafaɗa. Zai yi murna, don shi mai son sabon abu ne. Amma ina jin zai lura da yadda ake tambayar mutum yanzu, aji nawa ya yi, aikin me yake yi. Wanda ba shi da amsa sai a tsallake shi kamar kututture. Zai shiga majami'armu ya ji har yanzu ana karanta labarin nan na farko, kowa yana cewa amin, sannan ya duba gaba ya ga wurin Rifkatu ba kowa. Shekara biyu ke nan ba ta je ba. An sayar da jakin, ni kuma ba na iya kai ta. In an tashi sujada akan biyo a ce mini, "Sannu Inna, Allah ya ba da haƙuri." Ni ake gaisarwa. Ita ba mai tsugunawa.

Ƙarfina ya ƙare, abin da yake hana ni sakewa ke nan. Watan jiya na ɗaga ta zan kai ta wanka, bayana ya riƙe, muka zube tare a tsakar gida da rana tsaka. Ba ni iya tashi, ba ta iya tashi. Muna nan kwance ƙasa tana ƙona mu har Allah ya kawo maƙwabciyata Binta, matar ladanin unguwar Musulmi, ta zo aron turmi. Ita ta ja mu inuwa. Tana yi mini faɗa tana kuka, tana cewa, "Yaya, in da ban zo ba fa? Ki aika wa ɗanki, wannan ba abin ɓoyewa ba ne."

Na aika. Bitrus direba ne, yana ɗaukar dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa Kano, ya kama ɗaki biyu a Gumel, shi da matarsa Marta. Yaron kirki ne, bai taɓa barina da yunwa ba. Ya zo ya zauna a bakin tabarma yana wasa da makullin mota.

Ya ce, "Inna, ki tattara ki dawo Gumel. Ga asibiti kusa, ga famfo."

Na ce, "Mu tattara dai."

Ya sunkuyar da kai. "Kin san halin da Marta take ciki. Ɓari biyu ta yi, wannan ne ya zauna. Gwaggonninta sun ce kada ta riƙa kallon Rifkatu, wai abin cikin yana ɗaukar kama. Ni ban yarda ba, Inna, amma ba ta barci. A bar Rifkatu wajen dangin Baba tukuna, in Marta ta sauka sai a gani."

Na san dangin ubansa. Ba mugaye ba ne, amma har gobe ba su kiranta da suna, "abin nan" suke cewa. Ba mai dukanta. Za a sa ta a ɗakin baya, a tura mata tuwo a rufe ƙofa, ita kuwa ba ta iya kai loma baki. In an manta ba a juya ta ba, bayanta yakan yi gyambo cikin kwana uku. In an ba ta ruwa da gaggawa, shaƙewa take yi. Ba za ta kai haihuwar Marta ba. Na faɗa masa haka, ya ce in yi tunani, zai zo da mota Alhamis ta ƙarshen wata in an tashi kasuwa.

Ban ga laifin Marta ba, ina so ta ji wannan. Tsoron da yake cikinta na san shi, na kuma yi abin da ya fi nata muni. Bitrus bai taɓa jin labarin nan ba, ubansa ya rufa mini asiri har kabari. Na san yakan sayi jaridar nan a tasha, shi ya sa na zaɓi in tona kaina a gaban jama'a, don a gabansa bakina ba zai iya ba. Ɗana, uwarka ce ta yi. Ka faɗa wa matarka, wadda ta fi ta tsoro ta zauna da Rifkatu shekara ashirin da biyar bayan haka, ba abin da ya same ta sai alheri. Yayyenka mata sun yi cikinsu suna shiga ɗakinta, 'ya'yansu ga su nan suna gudu.

In aka tambaye ni me Magini ya bari, ba zan nuna rumbuna ba, yawancinsu ruwa ya cinye. Bai bar gona mai yawa ba, bai iya rubuta sunansa ba. Ya bar mace mai shekara ashirin da bakwai da aka ce ba mutum ba ce, tana nan da rai, tana dariya in ta ji an taɓa ƙofa. Ya bar ni, da ya hana in zama mai kisa. Ko abin da ya gaskata zai wuce mu biyun nan ya shiga gidan ɗansa, wannan ne ban sani ba, shi ne kuma nake kai wa Ubangiji kullum.

Na wanke kayanmu, na ɗaure ƙunshi biyu, Binta ta taya ni. Bitrus, in ka zo, ka shigo ka tsuguna in nuna maka inda ake sa hannu, ɗaya a ƙarƙashin wuya, ɗaya a bayan gwiwa. Ba wuya, rana ɗaya za ka iya. In kuwa wurin mutum ɗaya ne a motar, kada ka ɓata manka ka ratso ta ƙauye. Ka wuce Kano da dabbobinka, Allah ya kiyaye hanya.