Ɗantani Mai Gadi da Gaisuwar Garzali

Duk wanda ya yi firamaren nan ta hanyar Indabo ya san Ɗantani mai gadi. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke korar awaki daga aji, shi ke dukan tsohon ƙarfen mota a tashi tara. Gemunsa a bakin ƙofar nan ya yi fari, kuma ba a taɓa jin wani ya yi sha'awar aikin ba. Albashin ko kuɗin goro bai cika kaiwa ba.

Sai rediyo ta ce an kai ƙudurin doka majalisa, za a gyara albashin masu gadi da shara da girki a makarantu. Hansai mai shara har da guɗa. Ɗantani kuwa ya ɗaure fuska.

"Ke Hansai, ki yi ta rawa. Ranar da aikin nan ya yi maiƙo, 'yan uwan manya za a ba."

Ana cikin haka sai Garzali, ƙanin hedimasta, mai gyaran babur, ya tsiro da gaisuwa. Mutumin da a da hon kawai yake yi ya wuce, yanzu sai ya kashe babur, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Baba, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta gaya maka tana ciwo?"

"A'a, Baba. Kawo kujerar in kai maka inuwa."

"Ajiye! Wanda ya ɗauki kujera yau, gobe shi ke kanta."

Daga ranar Ɗantani ya daina ɗingishi a gaban mutane. Ya sa Rahinatu 'yarsa ta shafa masa baƙin rini a gemu, ya fito kamar ya tsoma haɓa a tukunyar baba. Ko cin kasuwar Juma'a ya bari, wai kada ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa.

Wata Asabar da la'asar sai ga hedimasta a ƙofar gidansa da dattawa biyu da ƙunshin goro. Ɗantani ya cusa makullin makaranta a aljihun ciki, ya fito yana cewa shi fa lafiyarsa ƙalau, ko tsere za a yi a yi.

Hedimasta ya ce, "Malam Ɗantani, ba maganar makaranta ba ce. Garzali ne ya ga Rahinatu, ita ma ta ce a zo a same ka."

Ɗantani ya daɗe yana kallon goron. Wato ta cikin gida za a biyo masa ke nan.

"Tunda tana so, na ba shi. Amma da sharaɗi: kada ya ƙara taka ƙofar makarantar nan sai an ga ƙarshen dokar."

"Ya yarda," in ji hedimasta, yana danne dariya.

Aka yi addu'a, aka raba goro, baƙi suka tafi. Ɗantani ya leƙa ta zaure har suka sha kwana, sannan ya juyo wajen Rahinatu.

"Kin ji? Hedimasta ko tambayar Garzali bai yi ba ya ce ya yarda. Akwai abin da suka shirya."