Mai Gyaran Rediyo a Ƙarƙashin Tasha

A hanyar ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Plovdiv, Rumyana na tsaye, idonta a kan wani dattijo mai gyaran rediyo. Shagonsa bai fi faɗin kafaɗunsa ba. Ya duƙa, ya ɗora tsinken gwaji a kan wani ɗan gwangwani kamar ƙwayar shinkafa, inda aka kulle ɗan dutsen da ke karkarwa don rediyo ya kama tasha. Koren layi na rawa a gilashin na'urarsa.

"Kawu Nedyalko, jirgin 'yarka fa zai tashi!" in ji mai burodin da ke gefensa. "Jamus ba bayan gida ba ce. Hau ka sallame ta mana!"

"Ƙyale ni, Yordanka. Ɗan banzan sai ya ɗauki zafi yake ɗaukewa. Ina ɗaga hannu, aiki ya dawo sabo."

Rumyana na raya wa ranta, wataƙila ya sha raka 'yan gidansa hawa matakalar nan yana saukowa shi kaɗai.

Jirgi ya wuce ta sama, rufi ya girgiza. Koren layin ya mutu tun ɗazu, amma dattijon bai ɗaga hannu ba.