Matar da ta buɗe bakin mijina

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta buɗe ɗakinta, can ƙarshen barandar asibiti inda ake gashin ƙashi. Sai ta ɗora ruwan zafi, ta jiƙa tawul, ta jera 'yan siraran katakon nan da likita ke danne harshe da su. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Anti Yatsa Uku ake ce mata, don duk wanda ya shigo sai ta sa ya gwada yatsunsa uku a baki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mijina, Allah ya jiƙansa, yana tsaye a danja wata babbar mota ta daki tasa ta baya. Ya fito ko ƙwarzane babu. Bayan kwana biyu wuya ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa. Hoto bai nuna karaya ba, sai dangi suka ce raki ne. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa faɗa masa haka. Wata biyu shayi kawai yake zuƙa, wando na zamewa daga ƙugunsa.

Ranar da muka je wurin Anti, yatsa ɗaya ne ya shiga bakinsa, shi ma da ƙyar. Ta danna gaban kunnensa a hankali, hawaye ya zubo. Ta dube ni.

"Wannan ba raki ba ne, uwargida. Kai ne ya tafi baya ya dawo gaba kamar an fizge shi. Nama ne ya ji ciwo, hoton nan kuwa ƙashi yake gani."

Ta gasa masa wuya, ta haɗa katako huɗu ta zura tsakanin haƙoransa. Duk mako sai ta ƙara ɗaya.

"Anti, itace za ki ciyar da ni?" ya ce ta cikin haƙori.

"Malam, ka kai goma sha biyar uwargida ta soya maka nama. In ka tsaya a hanya, ni zan cinye a gabanka, in suɗe hannu."

Ba mu kaɗai ba ne. Wata tela da muke haɗuwa a benci ta ce mini ran hutu Anti ta je shagonta, ta sa bulo a ƙarƙashin teburin keke don ta daina sunkuyo.

A wata na biyar muna zaune a tsakar gida ya yi hamma, doguwa. Sai duk muka fashe da dariya.

Anti, ke ce wadda ta yarda da shi lokacin da na kusa da shi suka ƙi. Ke ce mai hannu mai sanyi. Shekara huɗu ya ƙara a duniya yana ci, yana hira, yana waiwayowa in na kira shi. Bara wani ciwo daban ya ɗauke shi. Kafin ya cika ya yi mini magana sarai, ya ce ya yafe mini, ya yi kalmar shahada kowa na ji. Da bakin nan a rufe yake, da ban samu ko ɗaya ba.

Na gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, da ku da kuke gida, in wani ya fito daga hatsari ba jini ya ce wuyansa ko bakinsa na ciwo, ku yarda da shi tun ran farko.