Shekarun da Ba Mu Yaɓe Soro Ba

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas Nasara suka shigo Sakkwato. Ban ga faɗan ba, Baturen ma sai can daga baya na sa shi a ido. Abin da na gani shi ne gidajen maƙwabta da suka wayi gari babu kowa, ƙofofi a buɗe, kaji suna kiwo a cikin zaure. Mutane da yawa sun kama hanyar gabas don kada su zauna ƙarƙashin wanda ba ya salla. Baffana, yayan mahaifina, yana cikinsu da iyalinsa kaf. Baba ya raka su har bayan ganuwa, ya dawo idanunsa jajir. Shi bai bi su ba, domin shi aka bar wa tsohuwa.

Tsohuwar ita ce kakata, uwarsu. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Daga ɗaki zuwa inuwar ceɗiyar tsakar gida sai ta dafa kafaɗata, kuma ko jaki ba ta iya zama a kansa. A soronta nake kwana, kullum muna cikin faɗa. Ta ce ina harbinta cikin barci kamar jaka, in ce minsharinta ne ke kora ni bango. Duk gidan babu wanda nake so kamarta, ko da yake da za a yanka ni a lokacin ba zan faɗa ba.

Baba malami ne, a zaure yake yini da littattafansa. Yana da wata al'ada tasa a daren cika-ciki, wato goma ga watan farko na shekara. Daren ne kowane gida ke dafa abin da ya fi ƙarfin cikinsa. A fito da jelar ragon layya da aka ƙyafe aka adana, a jefa a miya, kowa ya ci har ya kasa tashi, don an ce wanda bai ƙoshi a daren ba da yunwa zai ƙare shekara. Baba yakan ce wannan magana ba ta cikin littafi, amma ban taɓa ganin ya rage loma ba. Idan aka gama, sai ya shigo cikin gida ya tara mu, ya yi addu'a, sannan ya faɗi abin da ya ƙudura zai yi a sabuwar shekara. A da, niyyar ba ta wuce sauke wani littafi ko gina rumbu. Tun da Baffa ya tafi sai ta koma guda ɗaya tak.

"Bana kam, in Allah ya so, tashi za mu yi," in ji shi. "Cika-ciki mai zakuwa ba shi ishe mu garin ga."

Mu ce amin. Mahaifiyata ta kwana tana lissafin abin da za a ɗauka da abin da za a bari.

A shekarun nan sabuwar shekara tana faɗowa ne daidai lokacin da sanyi ke ja da baya, bazara na kunno kai. Sai Baba ya ce ai ba a ɗaukar mata da yara cikin wannan rana, a bari ruwa ya sauka ƙasa ta huce. Ruwa ya sauka, ya ce gulabe sun cika, ba su ƙetaruwa. Lokacin kaka ya yi, ya ce a bari a kawo geron gonarmu ta Dundaye, a sami guzuri. Kafin a sussuka a ɗaure, sanyi ya shigo, kuma wa zai kwana a daji cikin sanyi? Haka muke zagayowa. Kuka da daddawar da mahaifiyata ta ƙulle don hanya, mu muke cinye su a tuwon gida. Kowane lokaci na shekara da uzurinsa, ainihin dalilin ne kawai ba a faɗa, alhali yana nan zaune a inuwar ceɗiya yana jan tasbaha.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Baba ya hana a yaɓe soro. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san kowace bazara sai an hau sama an liƙe tsagar da rana ta yi, an ƙara sabuwar ƙasa, an shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwan sama ratsawa. Baba ya ce wanda ya yaɓe soronsa ya yi niyyar zama ke nan, kuma shi ba zai haɗa niyya biyu a zuciya ɗaya ba. Ya faɗa a gida, ya faɗa a zaure gaban abokansa, har wasu suka riƙa yaba masa. Su da suke yabon, ina kallon maginai a kan nasu soraye kowace shekara.

Daminar farko soron ya jure. A ta biyu ya fara ɗiga, muka jera ƙwarya da kasko da tsohuwar tukunya, muna jan gadon Kaka daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ciyawa ta tsiro a saman ɗakin har awaki suna ɗaga kai suna kallonta. Indararo ɗaya ya faɗi. Daga ciki kuma azara ta fara baƙi, in ka taɓa ta da kara sai gari ya zubo. Mahaifiyata ta yi magana sau ɗaya, Baba ya ce, "Ɗakin da za mu bari bana?" Ba ta sake ba.

A cika-ciki na uku ne ko na huɗu, ba zan rantse ba, abin ya fashe. An idar da magariba, an ci an sha, ni har na kwance zanina don ciki ya sami wuri. Baba ya shigo ya zauna kan buzunsa, ya yi addu'a, ya fara, "Bana kam, in Allah ya so..."

"Kai, dakata," in ji Kaka. "Kullum bana, kullum bana. Wa aka jira?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Inna, lokaci na Allah na."

"Na sani na Allah na. Amma ni ba yarinya ba ta. Jakkai na nan, hanya na nan, ƙahwahunku lahiya lau. Abu guda yar rage, shi na ni. Ni aka jira in mutu."

"Subhanallahi, Inna!"

"To mi aka jira, hwaɗa min."

Baba ya kama gyara shimfiɗar buzunsa. A lokacin na lura akushinta yana nan yadda aka kawo shi, naman jelar yana kwance a kan tuwon ba ta taɓa ba. Ta tura shi gabana da bayan hannu.

"Ku ci ku ƙoshi, ku ka da tahiya," ta ce. "Ni ma na yi tawa niyya."

Tun daga ranar Kaka ta janye bakinta daga abinci. Ba ta ce azumi take yi ba, ba ta yi rantsuwa ba. A kawo kunu ta kurɓa sau biyu ta ajiye, a kawo tuwo ta ce a rufe sai an jima. Baba yakan durƙusa a bakin ƙofarta safe da yamma yana ba ta haƙuri, yana kawo mata hujjoji cewa bai halatta mutum ya cutar da kansa ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Yunwa ce ba ni ji, shi ma haramun na?" Mahaifiyata ta roƙe ta ta dawo wajenta a ɗakin ciyawa kafin ruwa ya sauka, Kaka ta ce ita a soron nan aka kawo ta amarya, ba inda za ta. Har faɗan da muke yi ta daina. Na harbe ta da gangan kamar cikin barci, ba ta ce uffan ba, na juya bango na yi ta kuka.

Na ji haushin Baba ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. In ya aike ni ruwan alwala sai in dangwarar da butar in juya. Na tsani gabas ɗin nan da ban taɓa gani ba, na tsani masu zuwa zaure suna cewa Malam mutum ne mai magana ɗaya. Sai da na girma na gane shi ma a matse yake. Ya yi imani har zuciyarsa cewa zama ƙarƙashin Nasara hatsari ne ga addininsa, ya kuma san barin uwa ba shi da gafara. Amma a lokacin abin da nake gani kawai shi ne wuyan hannun Kaka, wanda munduwarta ta fara zamewa daga gare shi.

Bazara ta yi tsanani, sannan iska ta juya. Shamuwa ta dawo ta sauka kan ceɗiya. Da la'asar hadari yakan taru ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya watse. Wata rana da hantsi Baba yana durƙushe a bakin ƙofa kamar kullum, sai wani guntun ƙasa kamar kan yaro ya ɓalle daga sama ya faɗo dab da ƙafar gadon. Ƙura ta tashi, rana ta leƙo ta ramin. Kaka ko motsi ba ta yi ba. Ta dubi ramin, ta dubi ɗanta, ta ce, "Saura kaɗan."

Washegari da Baba ya dawo daga masallaci bai zauna a zaure ba. Ya kora jakuna zuwa kududdufi ya yi ta jigilar jar ƙasa. Ya kira magini, amma kwaɓin da kansa ya yi. Ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga cikin laka da ciyawa yana tattakawa, mutumin da ban taɓa ganin ƙafarsa da datti ba. A ƙofar gida ake kwaɓin, kowa na wucewa yana gani. Wani abokinsa, cikin masu yabon nan, ya tsaya ya ce, "Malam, an hwasa tahiya ke nan?" Baba bai ɗago ba, ya ce, "Soron Inna na ka zuba."

Aka fito da Kaka inuwa don a canza azarar da ta ruɓe. Ta zauna tana kallon aikin. Can da azahar ta ce wa magini gefen yamma bai ji ƙasa ba, in ba zai iya ba ya sauko. Sannan ta juyo ta harare ni, ta ce, "Ke uwar son jiki, ba a dama hura gidan ga?" Na ruga har ina tuntuɓe. Ta shanye ƙwaryar tas, ta ce nonon ya yi tsami.

Daminar nan ko ɗigo bai sauka a ɗakinmu ba. Kaka ta ɗan murmure, muka koma faɗanmu, amma ƙarfinta bai dawo duka ba. Bayan an yanke gero zazzaɓi ya kama ta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa.

Da aka share makoki, mahaifiyata ta fara shiri a hankali ba tare da an ce mata ba. Ta daka gero, ta ƙulle kuka da daddawa, ta raba wa maƙwabta tukwanen da ba za su ɗauku ba. Kowa ya san yanzu babu abin da ya riƙe mu. Sanyi ya wuce, cika-ciki ya zo, muka taru. Baba ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya miƙe zai fita.

"Malam," in ji mahaifiyata, "ba ka ce komi ba."

"Mi za ni cewa?"

"Zancen tahiya. Na ga hanya ta buɗe."

Ya tsaya riƙe da buzunsa. Sannan ya ce, "In na ɗaure kaya yanzu, ta tabbata ke nan mutuwatta ni ka jira. Ki kwance kayan ga."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, a garin da ya yi imani bai kamata ya zauna ba. In hanya ta bi da shi kusa da barikin Nasara sai ya kau da kai ya ƙara sauri. Bai sake ganin ɗan'uwansa ba, bai kuma sake faɗin wata niyya a farkon shekara ba, ko ta sauke littafi. Har yau ban san ko ya yafe wa kansa ba, don bai taɓa ba ni fuskar tambaya ba.