Ranar da Saje Tanko Ya Yi Lacca a Kan Intanet

Damina goma sha biyar ke nan da muka binne yayana, Saje Tanko, amma har yau in aka ambaci shafukan sada zumunta a gidanmu sai wani ya ƙyalƙyale da dariya kafin a yi masa addu'a.

Yaya tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aiki. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru, wani gidan rediyo ya ɗauke shi wakili. Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, sai an hau tudu ake samun sabis. Shago ɗaya na sani mai intanet a garin, shi ma sai janareto ya ga dama. A nan mai shagon ya buɗe wa Yaya shafi, don kawai ya huta da tambayoyinsa.

Ana nan aka fara raɗe-raɗin cewa gidan rediyon zai sallami tsofaffin wakilai, a kawo matasa masu ilimin kwamfuta. Da Yaya ya ji za a yi taron 'yan jarida a Kaduna, kuma ana neman wanda zai yi magana a kan sada zumunta ta intanet a karkara, sai ya miƙa sunansa. Na ce masa, "Yaya, me ka sani a kai?" Ya ce, "Abin da ban sani ba, su ma ba su san Zuru ba."

Ni malamin makaranta ne, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Mako biyu muna shirya jawabi da mai shago, aka zuba shi a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, Yaya ya ɗaure filas ɗin a ƙyalle ya sa a aljihun ciki kamar laya.

A zauren taro, waɗanda suka riga shi sun yi ta zuba Turanci. Da aka kira Yaya ya miƙe, ya ƙame, aka soka filas a na'ura. Abin da ya fito a bango hoton ragonsa ne na layya. Aka matsa gaba, ragon ne ta gefe. Ashe mai shago hotunan sallah ya kwafa mana. Shugaban gidan rediyonsu yana zaune a layin gaba, na ga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san abincin 'ya'yansa bakwai ne ke shirin zubewa.

Yaya ya dubi ragon, ya ce, "Ku kashe, an riga an cinye shi." Ya ajiye takarda, ya shiga bayanin yadda labari ke tafiya a ƙasarmu: daga manomi a Manga zuwa ɗan kabu-kabu, daga shi zuwa mai kunu a tasha, kafin azahar ya isa Ribah har an yi masa ƙari. Ya ce in aka ba waɗannan mutanen intanet, gudun ne zai ƙaru, ƙarin ma haka, saboda haka aikin ɗan jarida bai ƙare ba, yanzu ma zai fara.

Wani matashi mai kwat ya ɗaga hannu. "Baba, abokai nawa gare ka a shafinka?"

"Uku."

Zauren ya ɗauki dariya. Yaya ya jira ta lafa, ya nuna ni. "Ga ɗaya nan. Tashi su gan ka." Na miƙe kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya juya ga matashin. "Kai naka fa?"

"Sun fi ɗari biyar."

"Madalla. Wanne ya rako ka?"

Ba a sallame shi ba. Katin taron kuwa ya rataya shi a wuya wata uku, har wurin ɗaurin aure. Damina ta biyu bayan haka ciwon da ya daɗe yana ɓoye mana ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da ake ta'aziyya da ɗan hoton fuska mai hawaye. Mutane na cewa da ya yi tir. Ni da na san shi, na san da shi zai fi kowa damun jama'a. Mutumin da ko a wayar salula sai ya rufe magana da "oba" kamar yana kan rediyon soja, da ya samu saƙon murya ai da mun shiga uku. In kiɗa ya canza, Yaya ba ya ƙin rawa, sai dai ya taka ta irin ta fareti.

Bai bar gida mai bene ba, kaset ɗin da ke ɗauke da muryarsa ma ya lalace. Abin da ya rage hali ne da ya cusa mana ba mu sani ba. Watan jiya saƙo ya zagaya cewa ruwa ya cinye wata gada a hanyar Ribah. Yatsana na kan turawa na tsaya. Gani ya kori ji. Na tada babur, da ciwon bayana da komai, na je. Gada na nan daram, wata mata ma shanya barkono take a gefenta. Na dawo na kwanta kwana biyu ana gasa mini baya, matata tana cewa, "Wannan aikin Saje ne."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Gadar lafiyarta lau.